Kada Gangar Makarantarmu Ta Yi Shiru

 Mu 'yan kwamitin mujalla mun saba kowace shekara mu ɗauki magana ɗaya da ta shafi makaranta mu faɗi ra'ayinmu a kanta. Bana ba mu sha wahalar zaɓe ba, domin maganar ta riga ta cika ɗakunan kwana da ofishin malamai. Ita ce maganar bikin kiɗa da waƙa na ƙarshen shekara, da kuma ƙungiyar makaɗan makaranta.

Ga waɗanda ba su ji ba, an kawo shawara a taron iyaye da malamai cewa a dakatar da bikin, lokacin da gwaji yake ci kuma a mai da shi na shirin jarrabawa. Ba a yanke hukunci ba tukuna, an ce sai zango mai zuwa. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi magana tun yanzu, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne kada a dakatar da bikin. A gyara shi, kuma a ɗora wa ɗakin koyon sana'a nauyin ƙera kayan kiɗan da za a riƙa yin sa da su.

Abin da ya faru bara

Bari mu fara da tuna wa juna bikin bara. Zaure ya cika maƙil, iyaye sun zo daga Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa da Sabuwar Unguwa, waɗansu ma tun daga Malumfashi da Dutsin-Ma. 'Yan aji biyu suna tsakiyar waƙa bayan magariba sai wuta ta ɗauke. Aka yi aka yi janareta ya ƙi tashi. Fiyano ta yi shiru, jita ta yi shiru, lasifika ma haka. Mawaƙa suka tsaya cirko-cirko suna kallon juna. Sai wani yaro ɗan aji ɗaya, wanda aka ba shi ƙaramar ganga don kawai kada ya zauna haka nan, ya ci gaba da kiɗinsa. Wata yarinya ta bi shi da caki, mawaƙa suka kama, iyaye suka haska musu da fitilun wayoyinsu har aka kai ƙarshen waƙar. Duk wanda yake wurin ya san ba a yi wa kowa tafi a daren nan kamar yadda aka yi wa yaran nan biyu ba.

Da gari ya waye muka zauna muka yi tunani. Fiyanon ta aro ce, jitar ta aro ce, kuma dukansu ba su magana sai da lantarki. Abin da ya fid da mu kunya icce ne da fata da ƙwarya. Daga nan muka leƙa sito don mu ga abin da makaranta ta mallaka. Mun tarar da begila duk ta lotse, da gangunan fareti waɗanda fatarsu ta yage, ɓera kuma ya ci igiyoyinsu. Tun da malamin da yake kula da su ya yi ritaya ba wanda ya sake waiwayarsu. Ba muna ɗora laifi a kan kowa ba ne, mu ma muna wuce ƙofar siton nan safe da yamma ba mu taɓa tambaya ba.

Sana'a da kiɗa 'yan gida ɗaya ne

Waɗansu suna cewa makarantar koyon sana'a ba ruwanta da kiɗa, aikinta zarto da guduma da waya. Wanda ya san al'adar Hausa ba zai faɗi haka ba. Tun kaka da kakanni kowace sana'a tana da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma da ake yi musu ranar gayya, maharba kuma suna da garaya. Mata suna da shantu da kiɗan ƙwarya, makiyayi yana da sarewarsa. Fada ma tana da nata, wato tambari da kakaki da algaita da taushi da kotso. Tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ake busa kakaki. Mu nan Katsina kowa yana jin tambura da algaitu ranar hawan salla, daga Ƙofar Soro har iyakar inda iska ta kai su.

To, wa yake yin waɗannan kaya? Masassaƙi ne yake fafe kangon ganga. Majemi ne yake jeme fata, baduku ya ɗinka. Maƙeri ne yake naɗe ƙarfe ya haɗa gaɓoɓin kakaki, wanda tsawonsa yakan wuce mita biyu. Ashe kuwa kafin makaɗi ya ɗauki makaɗinsa, masu sana'a uku ko huɗu sun riga sun ci abinci a kan gangar. Waɗannan sana'o'i su ne iyayen aikin kafinta da aikin ƙarfe da muke koyo a yau.

Abin takaici shi ne masu wannan sani suna ƙarewa. Samari sun koma ɗakin ɗaukar waƙa, inda fiyano ɗaya da kwamfuta suke kwaikwayon kalangu da sarewa, ba mai kaɗawa, ba mai busawa. Tun a shekarun 1960 wani malamin jami'ar Landan, Anthony King, ya zauna a Katsina yana nazarin kiɗan fada, kuma a 1971 shi da wani Ba'amurke, David Ames, suka fitar da littafi guda na sunayen kayan kiɗan Hausa da bayaninsu. Baƙi sun haye teku sun rubuta abin da yake ƙofar gidanmu. Idan aka tambayi ɗan ajinmu bambancin taushi da kotso, ko na goge da kukuma, mutum nawa za su iya amsawa?

Abin da ɗakin sana'a zai koya

Ƙera kayan kiɗa ba wasan yara ba ne, darasin kimiyya ne da ake taɓawa da hannu. Malamin fiziks ya koya mana cewa muryar tsirkiya ta dogara ga abu uku: tsawonta, da kaurinta, da yadda aka ɗaure ta. Idan aka danne tsirkiya daidai tsakiyarta, girgizarta takan ninka, murya ta tashi daga do na ƙasa zuwa do na sama. Da yawa daga cikinmu mun haddace wannan don jarrabawa, muka manta bayan mako biyu. Amma wanda ya ɗaura tsirkiya a kan gurmi da hannunsa, ya ja ta ya ji muryar tana hawa, ba zai manta ba har ya tsufa.

Haka yake ga sarewa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan ɗaya. Muryar da makaɗan duniya suke daidaita kayansu da ita tana girgiza sau 440 a sakan ɗaya, kuma bututu mai baki biyu a buɗe da zai ba da wannan murya tsawonsa wajen santimita 39 ne. Ɗan aji huɗu zai iya yin wannan lissafi a kan allo, ya yanki bututun roba irin na famfo, ya huda ramuka inda lissafi ya nuna, ya busa ya ji ko ya yi daidai. Idan ya kuskure awo da rabin santimita, kunnensa ne zai fara gaya masa kafin malam ya ɗauki jar biro. Kalangu kuwa shi kansa darasi ne: makaɗi yana matse igiyoyin fata a hammatarsa, fata ta ƙara ɗamewa, murya ta hau, ya saki, ta sauko. Da haka kalangu yake bin hawa da saukar maganar Hausa har a ce yana magana.

Kayan aikin ma ba daga waje za a sayo su ba. Goge rabin ƙwarya ne da aka rufe da fata, tsirkiyarsa kuma gashin wutsiyar doki. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya da shi, gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya tak. Ƙwarya tana kasuwa, fata tana wurin majema, guntayen katako da bututu kuwa suna zube a bayan ɗakin sana'armu. Maimakon kowane ɗalibi ya riƙa yin ƙaramar kujera ko akwatin da za a jefa a sito bayan an ba da maki, me zai hana waɗansu su yi ganga ko sarewa da makaranta za ta yi shekaru tana amfani da ita?

Waɗansu sun riga mu

Kada a ce mafarki muke yi. A birnin Kinshasa na ƙasar Kwango, wani tsohon matuƙin jirgin sama, Armand Diangienda, ya kafa babbar ƙungiyar makaɗa irin wadda Turawa suke kira okestira a 1994. Ba su da isassun kaya, sai suka koyi sassaƙa nasu, kuma in tsirkiya ta tsinke sukan ɗaura wayar birkin keke. A Cateura ta ƙasar Faragwai, unguwar da take kusa da babban jujin birni, wani malami mai suna Favio Chávez ya fara koya wa yara kiɗa a 2006, ana yi musu kayan kiɗa da gwangwanayen mai da bututun ruwa da aka tsinto a juji, har suka zo suna yawon ƙasashe. A Gana kuma, Nana Danso Abiam ya kafa ƙungiya a 1988 wadda kayan kiɗan Afirka zalla take amfani da su, har da gogen nan namu, wanda su suke kira gonje. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya fara da kuɗi. Mu kuwa muna da ɗakin sana'a da injuna da malamai, abin da yaran Cateura ba su da shi.

Amsa ga masu shakka

Iyayen da suka kawo shawarar dakatarwa ba maƙiyan makaranta ba ne, kuma dole mu saurare su da ladabi. Damuwarsu ta fari ita ce jarrabawa, kuma suna da gaskiya. Bikin yana faɗowa a zango na uku, daidai lokacin da 'yan aji shida suke fama da WAEC da NECO da NABTEB. Bara ba a fara gwaji ba sai da ya rage 'yan makonni, saboda haka aka riƙa cin lokacin karatun dare. Wannan kuskure ne, mun amsa. Amma laifin na tsari ne. Idan aka mai da bikin ƙarshen zango na ɗaya, a watan Disamba, aka kuma keɓe yamma ɗaya a mako don gwaji tun daga makon farko, ba darasin da zai sha wahala. 'Yan aji shida su yi bikinsu na ƙarshe a Disamba, daga Janairu a sallame su su fuskanci littattafansu.

Damuwa ta biyu ita ce kada 'ya'yansu su zama maroƙa. Mun san yadda ake kallon kiɗa a ƙasar Hausa, kuma ba za mu yi kamar ba mu sani ba. Sai dai a tuna cewa Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, da kalangu ya yi suna har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Waƙoƙin Sarkin Taushin Katsina, makaɗin Sarki Usman Nagogo, da na Barmani Coge ta Funtuwa, yau ɗaliban jami'a suna rubuta kundin digiri a kansu. Duk da haka ba muna neman kowa ya mai da kiɗa sana'a ba ne. Muna buga ƙwallo kowace yamma, ba wanda ya ce dukanmu za mu zama 'yan ƙwallo. Domin hankalin iyaye ya kwanta, muna ba da shawara a kafa doka: ba liƙi a bikin makaranta, ba yi wa wani baƙo kirari don ya sa hannu a aljihu.

Damuwa ta uku ta tarbiyya ce. Akwai iyaye, Kirista da Musulmi, waɗanda da sun ji an ce goge sai su tuna da bori da gidajen shagali. Muna girmama wannan. Amma wuƙar da mahauci yake neman halaliyarsa da ita, ita ce ɓarawo yake ɗauka. Hannun da ya riƙe ta ake dubawa. Iyayenmu na Zumuntar Mata sun daɗe suna yabo da tulu da caki da ganga, ba wanda ya ga aibinsu. Kwamitin malamai ya duba kowace waƙa kafin a hau dandamali da ita. Ɗalibin da iyayensa ba su yarda ya yi kiɗa ba, kada a tilasta masa. Akwai aikin sassaƙa da haɗa wayoyi da shirya zaure, kuma duk aikin biki ne. Tambari da kakaki da algaita kuwa na fada ne, ba za mu taɓa su ba, domin kowane abu da mai shi.

Damuwa ta huɗu ita ce tsaro. Tun daga watan Disamba na 2020, lokacin da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ba uban da yake son taron makaranta ya kai dare, balle wanda zai koma wani gari. Wannan ma gaskiya ne. A fara biki da ƙarfe biyu na rana, a tashi kafin ƙarfe biyar, kowa ya isa gida da sauran haske. Da rana kuma ko wuta ta ɗauke ba abin da zai tsaya.

Abin da ba a koyo a kan allo

Akwai darasi ɗaya da ƙungiyar makaɗa take koyarwa wanda ba ya cikin manhaja, shi ne sauraron juna. A ɗakin jarrabawa kowa ta kansa yake yi. A cikin ƙungiya kuwa, in mai ganga ya yi sauri kowa ya ɓata, in mai sarewa ya makara ba a farawa. Babba yana jiran ƙarami, mai ƙarfin murya yana rage tasa don a ji ta ɗan'uwansa. Makarantarmu ta tara Bahaushe da Bafulatani da Bayarabe da Ibo da 'yan kudancin Kaduna da Filato. A wajen gwaji ne kaɗai muka ga yaron Kafancan yana koya wa yaron Daura waƙar garinsu, shi kuma yana nuna masa yadda ake riƙe kalangu. Wanda ya saba da wannan tun yana yaro, zai iya aiki da mutane a kowace ma'aikata, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Harshenmu ma zai amfana. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kuka na hawaye da kuka ta miya murya ce kawai ta raba su. Idan aka ɗora kalmomin Hausa a kan karin waƙar Turawa ba tare da lura ba, sau da yawa muryar kalma takan karkace. Ɗaliban da suka koyi tsara waƙa da kayan kiɗan gida za su san yadda ake sa kari ya bi magana. Za su kuma koyi rubuta shi da do, re, mi kamar yadda mawaƙan ikilisiya suke yi, don na baya su tarar.

Ga kuma wani abin kunya da ya kamata mu faɗa. A ranar 29 ga Mayu 2024 Nijeriya ta koma ga taken ƙasa na 1960, aka ajiye na 1978 wanda Benedict Odiase, shugaban 'yan badujalar 'yan sanda, ya tsara kiɗansa. Tun daga lokacin, a taron safe, waya muke karawa a bakin lasifika ta rera mana taken ƙasarmu, domin ba mu da makaɗan da suka koye shi. Makarantar da take koyar da gyaran injin mota bai kamata ta kasa busa taken ƙasa ba.

Roƙonmu

Saboda haka muna roƙon hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su duba waɗannan abubuwa idan sun zauna:

1. A bar bikin, a mai da shi watan Disamba, kuma da rana.
2. A keɓe yamma ɗaya a kowane mako don gwaji, a sa ta cikin jadawali.
3. A sa ƙera kayan kiɗa cikin ayyukan da ake ba da maki a ɗakin kafinta da na ƙarfe.
4. A gayyato masassaƙi da baduku daga cikin gari su nuna wa ɗalibai aikin, a biya su haƙƙinsu.
5. A naɗa malami ɗaya da ɗalibai biyu su kula da sito, da littafin rubuta abin da ya fita da abin da ya dawo. A riƙa shafa wa katako mai kafin hunturu don kada ya tsage, a kuma kare fata daga laimar damina.
6. A ba 'yan mata dama daidai da maza, a wajen kiɗa da wajen sassaƙa.

Ga tsofaffin ɗalibai kuma, musamman waɗanda suka taɓa riƙe begila ko gangar fareti a filin nan, muna cewa gida yana kiranku. Wanda yake da kayan kiɗan da ba ya amfani da shi ya kawo, wanda yake da sani ya zo ya ba mu yamma ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ɗalibai ma akwai namu. Kada mu cika baki a mujalla, ranar gwaji kuma a neme mu a rasa. Mu 'yan kwamiti mun yi alkawari cewa a makon farko na sabon zango za mu share siton nan, mu fito da gangunan mu ƙidaya su, mu kai wa malamin kafinta waɗanda za su gyaru. Yaron nan da ya riƙe mana waƙa cikin duhu yana da sauran shekaru a makarantar nan, kuma muna so kafin ya fita ya kaɗa gangar da 'yan ajinsa suka sassaƙa.

Allah ya ba shugabanninmu hikimar yanke shawara, ya ba 'yan aji shida sa'ar jarrabawa, ya kai mu baɗi lafiya. Amin.